Ni Ce Mijin, Malam Ne Matar

Ban iya rubutu ba. 'Yata ce take riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata in ta ga ina kuka ta jira ni kawai, don tun da Malam ya rasu hawaye ba ya neman izinina.

Malam shi ne mijina. Akawu ne a ofishin ruwa har ya yi ritaya. A waje mutum ne mai kamewa, da wuya ka ga haƙorinsa, amma a cikin gida bakinsa ba ya hutawa. In ya dawo daga masallaci sai ya zauna a ƙofar ɗakina ya ba ni labarin duk wanda ya gamu da shi a lungunan Limancin Kona, wa ya rame, wa ya yi sabuwar hula.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ƙafar ta dawo a hankali har yana takawa da sanda, amma bakin bai dawo ba. Kome ka ce masa sai ya ce "to". Za ka ci tuwo, to. Ina ke maka ciwo, to. Gidan ya yi mini shiru ƙwarai. A sujada ban roƙi ya koma kamar da ba. Na roƙi Allah ya sa in sake jin ya haɗa magana, ko guda ɗaya ce.

Yana da amini a Kusfa, wani Alhaji, tare suka yi makarantar kwana suna yara. Duk Juma'a yakan zo ya zauna da shi a zaure, ya yi ta surutu shi kaɗai. Wata rana ya ɗaga murya ya kira ni da sunan tsokanar da ya saba.

"Amarya! Ranar Asabar ki wanke mini tsohon nan, ki sa masa babbar riga. Ɗalibai za su yi wasan kwaikwayo a harabar jami'a ta Kongo, tsohon wasan nan da muka yi a makaranta."

Na ce, "Alhaji, mutumin da ko ƙofar gida sai an riƙe shi?"

"Ke za ki riƙe shi mana. Ko kin tsufa ne?"

Babban ɗanmu bai so ba. Ya ce za a yi ta kallon mahaifinsa yawu na zuba. Na ce masa zan tafi da tawul.

Ni a rediyo kawai na san wasan kwaikwayo. Bayan azahar Alhaji ya kawo keke napep, muka sa Malam a tsakiya. Ɗakin taron babba ne, fanka na ta juyawa, yara sun cika shi da hayaniya. Da suka ga tsofaffi sai suka ba mu kujerun gaba. Aka ja labule, sai ga tsakar gida an yi da zana, har da turmi da murhu. Wata yarinya tana ta fifita wutar da babu ita, saura kaɗan in ce mata itacen bai kama ba.

Labarin wani mutum ne da ya sayar da hatsin gidansa ya sayi keke, alhali bai iya hawa ba. Kullum sai ya tura shi ya zaga gari don a gani, matarsa kuwa tana gida babu abin ɗorawa a wuta. Yaron da ya fito a mijin ya shigo yana tura keke na gaske, yana kaɗa ƙararrawa. Yarinyar ta miƙe ta riƙe ƙugu. Kafin ta buɗe baki sai na ji wata siririyar murya a gefena.

"Sannu da zuwa, mai keke. Yau tayar za mu dafa, ko sirdin?"

Na waiwaya in ga wace mace ce. Malam ne. Bakin a karkace, amma kalmomin sun fito ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta faɗi daidai abin da ya faɗa, ɗakin ya fashe da dariya.

Alhaji ya sunkuyo wajen Malam, ya yi ƙasa da murya ya amsa masa da maganar mijin, "Ke ba ki san daraja ba. Yau har hakimi sai da ya waiwayo ya dube ni."

Malam ya ce, "Da ya dube ka, ya auno maka gero?"

Na kama hannun rigar Malam na riƙe. Alhaji ya leƙo ta gabansa ya ce mini, "Makarantarmu babu mata, amarya. Ni ne mijin, shi aka ɗaura wa zane. Duk ajinmu babu mai kyan wuyansa. Ya sa na yi alkawarin ba zan taɓa gaya miki ba."

Duk zaman aurenmu ban taɓa jin wannan labari ba. Na rufe fuska da mayafi, ina dariya ina kuka. Har aka gama wasan Malam yana rigan yarinyar magana. Wani wurin ya kakare, wani wurin ya wuce sumul.

A hanyar komawa na ce, "Malam, ka ji daɗi?" Ya ce, "To." Washegari na gwada shi da zance iri-iri, ba abin da na samu sai to. Sai na gane abin da aka zuba masa a ka tun yana yaro ne kaɗai yake iya fitowa, kuma sai an jawo shi.

Da Juma'a ta zagayo na tsaya a bayan labulen zaure na ce wa Alhaji ya koya mini maganganun mijin.

"Au, amarya, ke ce mai keken yanzu?"

"Koya mini dai, ka bar tsiya."

Yana faɗa ina maimaitawa, yadda na koyi kome a rayuwata. Daga nan kullum bayan la'asar sai in tura ƙofar gida, in buga cokali a jikin kofin silba a matsayin ƙararrawa, in kumbura murya in yi sallama. Malam yana kan tabarma sai ya gyara zama ya fara yi mini faɗa. Ya kira ni malalaci, ya ce ko jakin maƙwabta ya fi ni amfani. In na manta wurina sai ya harare ni, ya ƙwanƙwasa sanda a ƙasa har in tuna.

Kusa da ƙarshen wasan mijin yana faɗawa kwata da kekensa, ya dawo gida duk caɓi. A nan matar ba ta yin faɗa. Cewa take, "Zo ka zauna. Ka ji ciwo?" In mun zo wurin Malam yakan manta da siririyar muryar, ya faɗa da tasa, yana kallona. Ban sani ba ko wasan ne ko da ni yake. Na ɗauka da ni yake, babu kuma mai hana ni.

Haka muka yi har damina ta biyu, ya kwanta bai tashi ba. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta.

Yanzu rabin wasan yana kaina, rabin mijin. Wani lokaci bayan la'asar sai in ji bakina ya fara, in kai inda ake amsawa in tsaya. 'Yar nan tawa ta samo littafin wasan, ta ce za ta riƙa karanta mini maganganun matar. Na ce mata Allah ya yi mata albarka, amma ta bari. Wurin ubanta ne.