Katin Tiburcio Yana Cikin Akwatinka

Ranar Alhamis, 6 ga Maris, ina wanke babur a ƙofar gida, matarka Doña Ercilia ta aiko a gaya mini ka cika, Nicanor Guillén. Wanda ya ba mu kai ya karɓi abinsa. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In zauna a shagonka na aski, in tashi, in je bakin teku, in dawo.

Duk garinmu San Pedro ya san ka da tara katuna masu hoton 'yan wasan besbol, wasan nan na ƙwallo da sanda, irin waɗanda a da ake samu cikin kwalin alewa da na taba. Wasu don kasuwa suke tarawa. Kai kuwa sai ka juya bayan kati, ka karanta shekarun da mutum ya yi yana wasa, ka ce, "To, daga nan fa? Ina ya shiga?" Wannan tambayar taka ta cinye mini tayoyi ba adadi, don ni nake goya ka cikin gonakin rake neman tsofaffin da kowa ya manta. Ina tuƙi ina mita, kana bayana kana ba ni labarin wani gwanin jifan ƙwallo da kafaɗarsa ta lalace yana saurayi, ya ƙare a gadin injin sukari.

In ka sami mai hoton, ko iyalinsa, miƙa masa katin kake yi ka juyo hannu wofi. Ba na manta tsohuwar da ba ta da hoton mijinta ko ɗaya sai wanda ka kai mata. Ta rungume ni, ni da na zage ka a hanya kan kuɗin mai. A hanyar dawowa ka ce mini, "Compadre, aminina, share hawayen nan, kada ka zuba mu a kwata."

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Tiburcio Hodge, tsohon nan na ƙauyen masu yankan rake. Kakar wasa ɗaya ya buga, gwiwa ta kayar da shi. Yanzu ya makance, kuma in ya ce ya taɓa cika filin wasa da ihu, jikokinsa dariya suke yi, suna cewa tsufa ne. Shekara da shekaru kana neman katinsa. Ka sami katin dab da rasuwarka, ka kira tsohon ka ce, "Kawu, tara mini yaran nan ran Lahadi, za su sha kunya." Lahadin ta wuce. An ce har yau da safe yakan sa a yi masa aski, a ajiye masa kujera a ƙofa, kuma numfashinsa ba kamar da ba.

Ga shi na ji 'ya'yanka sun yi magana da wani mai saye daga New York, zai ɗauke akwatin katunanka gaba ɗaya bayan addu'ar kwana tara. Ban ga laifinsu ba, gadonsu ne. Amma raina ya ɓaci, kuma ina tsoro.

Allah ya jiƙanka, Nicanor, ya yafe maka, ya tuna da kai kamar yadda ka tuna da waɗanda aka manta. Doña Ercilia, Allah ya ba ki haƙurin wannan rashi. Wilkin da Yordany, Allah ya albarkaci abin da mahaifinku ya bar muku. Ku sayar da sauran, amma ku ciro mini kati ɗaya. Na cika tanki tun jiya, kuma tsohon yana zaune a ƙofa.