Nishin Motar Baba

A gareji Fiyus suke ce masa, don abu kaɗan ke sa shi ƙonewa. Ni Yaya nake ce masa, kuma na shaida ba su yi masa ƙage ba. Mai wayarin mota ne tun yana saurayi. Hannuwansa duk tabon ruwan batir, rigunansa duk ƙananan huji. Ya sha korar mai mota daga rumfarsa don kawai mutumin ya ɗaure waya da leda maimakon tef. Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa ɗaga wa murya ba, shi ne Babanmu.

Baba direba ne har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya tsira da shi wata tsohuwar baƙar mota ce da ta girme ni ta girmi Yaya. Da tsufa ya zo, ciwo biyu suka haɗu masa. Ƙodarsa ta daina aiki, sai an kai shi asibiti an yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako. Ƙwaƙwalwarsa kuma ta fara zuba: ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya nemi banɗaki a ɗakin girki. Amma motar nan ko ƙusa ɗaya bai manta a jikinta ba. Ita kaɗai yake yarda ya shiga, shi ma da sharaɗi. A kashe zai same ta, ya buɗe bonet da kansa, ya duba baƙin mai, ya shafa dainamo mai cajin batir, sannan ya zauna a gaba ya ce a tayar.

Mun taɓa gwada tasi. Baba ya ɗauka sace shi za a yi, ya yi ta dukan ƙofa har ya fasa jijiyar hannun da ake sa masa allura. Jinin da na gani ranar ba na fatan sake gani. Likita ya ce kada mu kuskura mu ƙara, kuma jikinsa ba zai ɗauki maganin barci ba.

To, motar irin ta da ce, wutarta bolt shida, alhali duk motocin yanzu sha biyu ne. Batir mai shida ya daɗe da ɓacewa a kasuwa. Yaya ya yi ta lallaɓa na ƙarshe kamar mai jinya ta biyu, har ranar da ya kumbura ya ce ga garinku nan. Ba inda Yaya bai shiga ba, shagunan kayan gyara, wurin masu tsofaffin ƙarafa, babu. Ranar wankin ta zo ta wuce. Ƙafafun Baba suka fara tashi, silifas ya ƙi shiga.

"Auta, juya ta zan yi," in ji Yaya. "Ta koma sha biyu."

"Kwana nawa?"

"Kar ki tambaye ni!"

Ya rufe rumfa, ya kwaso kayan aikinsa ya baje a tsakar gida. Da motar wani ce, da cire dainamon zai yi ya sa na zamani, kafin azahar an gama. Amma wannan dainamon Baba ke shafawa. Sai Yaya ya farke shi a kan tabarma, ya warware tsohuwar wayar da ke ciki, ya zauna yana sake naɗa siririya da hannu, zagaye bayan zagaye, gumi na ɗiga daga hancinsa. Na kawo abinci ya bushe a inda na ajiye. Ya canza katawut, akwatin da ke daidaita caji, ya mayar masa da tsohon murfinsa. Ya canza kwayil mai ba fulogi wuta, da kowane ƙwan fitila. Sabon batirin ma sai da ya goge takardar jikinsa ya shafa masa baƙin fenti, har ya ɗan watsa masa ƙasa don kada ya yi ƙyalli. Duk abin da idon Baba zai kai kansa, Yaya ya rufe.

Kik kawai ya bari, wato abin da ke murza inji idan an juya makulli. Duk mai wayarin ya san kik mai shida ba ya ƙin sha biyu, ƙarfi ma yake ƙarawa. Da ya gwada, motar ta tashi a bugu ɗaya. Rabon da in ga haƙoransa har na manta.

"Kin ji? Kamar sabuwa!"

Na ji, na kuma yi murna, don ni ma ban fi shi wayo ba.

Washegari da safe muka riƙo Baba. Numfashinsa na fita da ƙyar, amma ya buɗe bonet, ya duba mai, ya shafa dainamo. Ni da Yaya ba mai motsi. Baba ya gyaɗa kai, ya shiga ya zauna.

"A tayar."

Yaya ya juya makulli. Wurrr! Inji ya kama nan take. Baba ya zabura kamar an watsa masa ruwan sanyi, ya lalubi hannun ƙofa.

"Wannan ba motata ba ce."

"Baba, ita ce wallahi. Gyara na yi mata."

"Tawa sai ta yi nishi. Ina kuka kai tawa? Ɓarayi!"

Mutumin da muka riƙo mu biyu, shi kaɗai ya koma ɗaki ya zauna bakin gado. Na durƙusa na roƙa, na yi kuka, na yi ƙarya, ko kallona bai yi ba. Na buga wa nas ɗin asibitin waya, ta ce za su riƙe masa injin wankin zuwa la'asar, ta ƙara da cewa wanda ya tsallake wanki biyu ruwa na iya cika masa huhu. Tsoro ya kama ni, sai na huce a kan Yaya.

"Kai da gwanintar tsiya! Wa ya aike ka ka mayar da ita sabuwa?"

Na ɗauka zai fashe. Bai fashe ba. Ya tsaya yana kallon kik ɗin, can ya juya ya zazzage buhun wayoyinsa.

"Zan rage mata ƙarfi," ya ce. "In waya ta yi tsawo, wutar za ta gaji kafin ta kai."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sa motoci su tashi da wuri, ga shi kwance a ƙasa yana neman yadda zai raunana aikin hannunsa. Waya ta farko ta yi siriri da yawa, ta ɗau zafi ta yi hayaƙi. Ya fizge ta da hannu, robar ta manne masa a tafi. Ya naɗe hannun da tsumma ya ɗauko mai kauri, ya nannaɗe ta ya cusa a ƙarƙashin mota. Ya gwada, da sauran sauri. Ya ƙara tsawo, kik ya ƙi motsi sam.

"Auta, yaya ma take yi? Yi min in ji."

"Gurr... gurr..."

"A'a, akwai ɗan tsayawa a tsakiya. Gurr... uhm... gurr."

Mu biyu, manya da mu, a tsakiyar rana muna nishi wa juna, hawaye na zubo min. Shekara da shekaru muna jin sautin nan, ba wanda ya taɓa saurararsa. Inuwar katanga ta fara miƙowa tsakar gida. Daga ɗaki ina jiyo tarin Baba, kowanne ya fi na baya nauyi. Yaya ya yanke kamu guda, ya ɗaure, ya ƙara rabi, ya sake ɗaurewa da hannu ɗaya da haƙori.

Ya juya makulli. Kik ya ja da ƙyar, ya tsaya kamar zai mutu, ya sake ja, inji ya yi tari ya kama. Yaya ya kashe da sauri, muka zuba wa ƙofar ɗaki ido.

Labule ya motsa. Baba ne, dafe da bango, ba takalmi. Ya zo ya buɗe bonet, ya duba mai, ya shafa dainamo, ya shiga. Na faɗa baya. Yaya ya tayar, motar ta yi nishinta, Baba ya jingina ya lumshe ido.

Mun hau titi kenan ya juyo ya dubi Yaya sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa baƙo.

"Direba," ya ce, "batirin nan ya yi sanyi. In mun dawo ka kai wa ɗana, mai wayarin ne. Duk garin nan ba kamarsa."

Na ga ƙonannen hannun Yaya ya matse sitiyari.

"To, Baba," ya ce. "Zan kai masa."