Miyar Kuɓewar da Leuza Ta Kai Ɗakin Ɗibar Jini

Ni Zulmira, shekarata saba'in da ɗaya, goma sha tara daga ciki tare da ƙwayar ƙanjamau na yi su. Gadon da mijina ya bar mini ke nan, ita da wata rediyo da ba ta kama tasha. Don haka in na ba ku labarin Edileuza ku yarda, benci ɗaya muke zaman jiran likita a asibitin unguwarmu, nan birnin Salvador, tun tana siririya kamar tsinken tsire.

Leuza muke ce mata. Ƙosai take soyawa da manja a tashar bas ta Liberdade, inda uwarta ta soya, kakarta ma ta soya. Mijinta ya mutu tana da shekara talatin, kuma sai a bakin gadonsa ta ji sunan abin da ya kashe shi. Ta yi kuka wata uku. Ranar da hawaye suka ƙare ta tashi ta jiƙa wake.

Ana nan sai ga Valdemiro, makanikin jirgin fito mai kai mutane tsibirin Itaparica. Gajere, ga sanƙo, farcensa baƙi ƙirin da man inji. Kullum da yamma yana tsaye gaban kaskonta, yana cin ƙosai da yaji har hanci na zuba. A mako na uku ta dube shi ta ce, "Miro, kar ka ɓata takalminka. Ina da ƙanjamau."

Ya haɗiye lomarsa ya ce, "To, na ji. Ƙaro mini yaji."

Ta yarda ya riƙa zuwa gidanta ranar Asabar, amma aure ta ce a kai kasuwa. Wai ba za ta tsaya gaban fada a coci ta yi wa mutum alkawarin rayuwa ba, alhali tana iya zama ajalinsa. Har kofi ta ware masa. Na ce, "'Yar nan, ke a ganinki cutar takardar aure take dubawa kafin ta shiga? Ran Asabar hutu take zuwa?" Ta ce in yi ta kaina. Na ce kaina ya daɗe da gama yi.

A shekara ta huɗu aka zo da wani bincike asibitinmu. Ana neman mace da namiji da ke tare, ɗaya na da ƙwayar, ɗaya ba shi da ita. Ana so a gani ko fara shan magani da wuri zai danne ƙwayar a jini har ta kasa tsallakawa wurin ɗayan. Miro ya ja ta suka sa hannu. Aka ɗora ta a kan magani, aka cika musu jaka da kororon roba, duk wata uku a ɗebi jininsu. Nan Leuza ta yanke magana: in ya yi shekara biyu cur takarda na cewa lafiyarsa lau, za ta aure shi. Ta kuma wuce coci ta yi wa waliyyan nan tagwaye, Kosme da Damiyan, bakance: in sun tsare mata shi, ranar idinsu za ta ciyar da duk wanda ke ɗakin jira karuru, miyar kuɓewar nan tamu da manja da busasshen jatan lande.

Shekara biyu ta cika a watan Satumba. Kafin nan ɗan'uwan Miro ya samo masa aiki a tashar jiragen ruwa ta Santos, can kudu, a fara ɗaya ga Oktoba. A gabana Miro ya gaya mata, "Leuza, shekara shida ina shan ruwa a kofin baƙo. Ko in fito daga asibitin nan da ranar aure, ko in hau mota. Na gaji." Ba wasa a muryarsa, don ko ƙosai bai ci ba ranar.

Sai ranar ɗibar jinin ƙarshe ta faɗo daidai ashirin da bakwai ga wata, ranar idin tagwaye. Na ce mata, "Ki bari sakamako ya fito tukuna." Ta sa mini "Dona" ɗin da muke girmama mata da shi, ta ce, "Dona Zulmira, waliyyi ne zai jira takardar likita? Alkawari kaya ne." Ni da ita muka yanka kuɓewa har yatsuna suka yi santsi kwana biyu. Da safe ta ciyar da yara bakwai kamar yadda aka saba, muka kinkimi tukunya muka shiga bas.

Ƙarfe bakwai, ma'aikata ba su buɗe taga ba, mutum goma sha takwas na zaune a ɗakin jira, kowa cikinsa na kuka, don an ce kar a ci komai kafin ɗibar jini. Leuza ta buɗe tukunya. Ni na san dokar sarai, shekara goma sha tara ina bin ta. Na ji ƙamshi na yi shiru.

Da Gildete, babbar nas, ta turo ƙofa, ta tarar da mu muna suɗe yatsu. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Edileuza, kin kashe ni! Jinin yau gaba ɗaya ya tashi a banza! Sai an sake ba ku rana, kuma littafina a cike yake har Nuwamba!"

Ludayi ya faɗi daga hannun Leuza. Miro ya ajiye kwanonsa a hankali, ya zuba wa bango ido. Nuwamba, shi kuwa mota na jiransa nan da kwana huɗu.

Hayaniyar ce ta fito da Dakta Ingrid, mai kula da binciken. 'Yar kudu ce, doguwa, fara sol, wata takwas kacal da zuwa garinmu. Ta dubi wani dattijo mai suna Anselmo ta ce, "Baba, ba a rubuta maka kar ka ci abinci ba?"

"An rubuta, Dakta."

"To me ya sa ka ci?"

Ya dube ta da tausayi. "Dakta, karuru ne fa."

Ta juyo wurina, wai ni babba ce zan fi hankali. Na ce, "'Yata, kin yi karatu har idonki ya nemi gilashi, amma ba a koya miki ba a mayar da kwanon bakance? Wanda ya ƙi, da waliyyai yake rigima, ba da mai miya ba. Gildete ma da ke ta ihun nan, tambaye ta ko za ta ƙi."

Gildete ta ce, "Ni ku cire ni a ciki." Ta miƙa hannu ta karɓi nata.

Aka zuba wa Dakta. Ta kai cokali na uku sai ta tsamo kuɓewa guda, ba a yanka ba. Ɗakin ya kaure da shewa. Anselmo har da buga sandarsa a ƙasa. Ta ce me ya faru? Na ce, "Guda bakwai ake jefawa a tukunya. Wanda ya tsinta, shi zai dafa baɗi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski."

"Ni ko ƙwai ban iya soyawa ba!"

"Kina da shekara guda. Mu ma ba da digiri muka fara ba."

Tana cikin dariya ta hango Leuza a lungu, ta rufe fuska da ɗankwali tana kuka. Ta je ta durƙusa gabanta, aka gaya mata zancen Santos. Sai ta ce, "Dona Edileuza, share hawayenki. Rashin cin abincin don awon kitse da sukari ne, saboda maganin yakan taɓa su. Wannan kam kin lalata mini shi, manjanki sai ya kwana biyu yana yawo a jijiyar mutane. Amma gwajin Valdemiro ba ruwansa da kuɓewa. Gildete, kawo allura."

Minti ashirin aka ce. Na haifi 'ya'ya biyar, ban taɓa ganin naƙuda mai tsawon wannan ba. Miro na matse da auduga a gwiwar hannu, Leuza na jan carbinta har na ji tsoron zai tsinke. Babu wanda ya tafi gida, har waɗanda aka sallama.

Dakta ta kira su ciki. Da yake ƙofar ba ta rufuwa sosai, kuma ni kunnena bai tsufa ba, na ji komai. Miro ba shi da ƙwayar. Leuza ta ce a maimaita, aka maimaita. Sai ta fara kame-kame: "To shekara ta uku fa? Ta huɗu fa?"

Dakta ta ce, "Ba ni da ikon yi miki rantsuwa. Abin da ke gabana shi ne, wata ashirin ke nan injinmu na neman ƙwayar a jininki bai gan ta ba. Ba ta mutu ba, tana nan a ɓoye, in kin bar magani za ta fito. In kina sha kullum, abin da muke gani a nan da sauran ƙasashen da ake binciken ya sa ni kaina nake barci da daɗi."

Leuza ta ci gaba da kame-kame, har na kasa haƙuri na tura ƙofar da ƙafa. "Ke Leuza, ki ba bawan Allah amsa, ƙafafuna sun kumbura!"

Ta dubi Miro sama da ƙasa, ta ja hanci. "Asabar ta biyu a watan Disamba. Kuma ka kankare farcen nan, ba zan sa zobe a hannun da ya yi kama da gindin kasko ba."

Miro ya fito da gudu yana tambayar inda ake buga waya, zai gaya wa ɗan'uwansa ya ba wani aikin. Leuza ta biyo shi har baranda tana ɗaga murya: "Ka dawo ka ɗauki tukunya! Tun yau za ka fara aikin miji!"