Goran Su na Kakana

Ina aji biyu a sakandaren 'yan mata ta Birnin Kebbi aka kai mu yawon buɗe ido Argungu. A lokacin Sakkwato ce babban birnin jiharmu, ko motar da za ta ɗauke mu sai da aka jira izini daga can. Malaminmu na tarihi, wani Bakatsine mai yawan barkwanci, shi ya shirya tafiyar. Ya ce da safe za mu ga wuraren da aka gwabza yaƙi a zamanin da, da rana mu ga yadda mutanen gulbi ke rayuwa, mu dawo kafin magariba. Da ya ce wanda zai zagaya da mu wani mutumin Gulma ne, ya kuma kwatanta shi, sai daɗi ya kama ni. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata.

Ban gaya wa kowa ba sai ƙawata da muke zama benci ɗaya, 'yar wani ɗan kasuwa mutumin kudu da ke sayar da kayan keke a Birnin Kebbi. Ta fi ni iya zagi da Hausa, ta kuma fi ni baki nesa ba kusa ba. Ni a aji ko an tambaye ni abin da na sani, sai na sunkuyar da kai. Abin da na iya shi ne kallo.

Mu a Gwadangaji muke zaune, amma duk hutu a Gulma nake yin sa wurin Kaka, wadda ta haifi mahaifiyata da Kawu. A madafarta akwai wani babban gora rataye a jikin azara, daidai inda hayaƙin murhu ke bi ya fita. Goran su ne, wato na kamun kifi, na kakana wanda ya rasu ina goye. A kansa yake kwanciya rub da ciki ya bi ruwa, homa a hannu, in ya kama kifi ya jefa ta bakin goran. Kaka ba ta barin a ajiye shi ko'ina sai cikin hayaƙi, ta ce hayaƙi ne ke hana ƙwaro cin sa. Duk shekara in ruwa ya fara ja, sai ta sauke shi ta wanke, ta shafe shi da man kaɗe, tana yi masa hira ƙasa-ƙasa kamar maigidanta ne zaune a gabanta.

Na san goran nan ciki da waje. Kusa da bakinsa akwai tsaga da aka ɗinke da zaren kaba. A gindinsa kuma akwai baƙin tabo na ƙuna mai faɗin tafin hannu. Ina wurin aka yi tabon. Muna bandar tarwaɗa da hantsi igiya ta tsinke, goran ya faɗo ya gangara cikin murhu, Kaka ta sa hannu tsirara ta fizgo shi. Har ta rasu fatar babban yatsanta na dama a tattare take.

A hutun da ya gabaci tafiyarmu na tarar igiyar tana lilo babu komai. Kaka ta ce Kawu ya kai shi Argungu wurin mai ɗinkin ƙwarya, don ɗinkin ya fara saki.

Kawu kuwa a duniya babu wanda nake so kamarsa. Shi kaɗai ne ba ya ce mini kurma. Yakan zaunar da ni a gindin ɗorawa ya ba ni labarin kakan kakanmu, maharbin da ya tsare wata ƙofar Argungu ranar da mayaƙa suka zo daga gabas, har kibansa suka ƙare, ya faɗi a bakin ƙofar bai ja da baya ba. In ya zo wurin faɗuwar sai ya rage murya, ya dafa ƙirji. Da labarin nan nake ƙarfafa kaina duk ranar da aka tsayar da ni gaban aji.

Ranar tafiya muka fita da sassafe. Damina ba ta daɗe da wucewa ba, fadama shar da shinkafa, mata a bakin hanya suna shanya kuɓewa. Kawu na jiran mu a inuwar wata katanga sanye da sabuwar riga mai ruwan ƙasa. Malam yana sauka ya fara, don tsakanin Katsinawa da Kabawa akwai wasa.

"Kai Bakabe, ina fatan ka yi wanka da sabulu. Kada ƙarnin kifi ya kashe mini ɗalibai."

"Malam, ku da ba ku da ruwan da kwaɗo zai nutse ciki, mi kunka sani ga wanka?" in ji Kawu. Aka tuntsire da dariya. Ya hango ni a baya, ya ɗaga mini gira. Na ji kamar in tashi sama.

Ya fara kai mu wurin da ragowar ganuwa take, wani dogon tudun jar ƙasa da awaki ke hawa. Ya nuna mana ramin da ya zagaye ta, ya ce a da ƙaya ake zubawa ciki. Daga nan muka shiga gidan da ake ajiye kayan yaƙi, muka ga sulke da masu da kwari cike da kibau, da wani tambari da fatarsa ta huje. A bakin wata tsohuwar ƙofa ya tsaya ya ba da labarin kakan kakanmu, ya rage murya, ya dafa ƙirji. Aji ya yi tsit. Ƙawata ta mintsine ni ta ce, "Ashe ke jikar maza ce, kike zama kamar kazar da ruwa ya doka."

Bayan azahar aka gangara da mu gulbi. Masunta na gyaran taru a kan yashi, wata tsohuwa na yankan kifi karfasa tana korar ƙuda da zani. Yara na ciro bado suna ɓarewa. Aka zuba mu cikin kwalekwale, ana tura mu da gwangwala ta cikin kainuwa, 'yan mata na ihu duk lokacin da jirgin ya karkata. Da muka fito Kawu ya ce mu taru a gindin wata bishiya, akwai abin da bai taɓa nuna wa wata makaranta ba. Ya shiga wata rumfa ya fito rungume da wani abu a cikin buhu.

Tun kafin ya gama zare buhun na ga zaren kaba. Ɗinkin yana nan a sake kamar yadda yake, babu wanda ya taɓa shi.

"Wanga gora," in ji Kawu, "ya girmi kakan kowa a nan. Lokacin da anka kewaye gari ba shiga ba hita, da shi anka riƙa ƙetare gulbi ana kawo wa mayaƙa kibau." Ya juya gindin sama. "Kun ga nan? Kibiyar wuta ce ta same shi tsakiyar ruwa."

Ya rage murya. Ya dafa ƙirji, daidai yadda ya yi a bakin ƙofa.

Na tsaya ina kallon tabon. Har ƙamshin tarwaɗar ranar na ji a hancina. 'Yan ajinmu suka yi layi suna shafawa, wata har da cewa tana jin zafin wutar. Malam ya cire tabarau ya duba, ya ce irin wannan ai bai kamata ya zauna a rumfa ba. Kawu ya yi murmushi ya ce shi ma abin da ke damunsa ke nan.

Na jira har aka watse cin abinci, na same shi a bayan rumfa yana wanke hannu. Na ce, "Kawu, goran Kaka ne."

"Na ubana ne dai, ɗiyata," ya ce, bai ko juyo ba.

"Ta ce ka kai ɗinki. Kuma ba kibiya ba ce, murhu ne. Ina wurin."

Sai ya juyo ya durƙusa daidai tsayina, ya yi mini irin kallon da yake yi a gindin ɗorawa. "Ke ma kin san baƙi sai da ɗan gishiri. Malaminku ya ce in tahiyar ga ta yi daɗi, zai sa a riƙa turo mini makarantu har daga Sakkwato. Kina son ki ɓata wa Kawunki? Gobe-goben nan zan kai shi ɗinki, jibi shina rataye a madafa. Na yi miki alkawari."

Na yarda. Na koma na zauna kusa da ƙawata, ta ba ni ƙosai.

Da la'asar muka hau mota. Ina zaune jikin taga, sai na ga yaron mota na ɗaure wani abu a sama, bakin buhu na reto a gefen gilashi. Kawu na tsaye yana riƙe da hannun Malam da hannu biyu. Da Malam ya shigo ya ce, "Ku tafa wa wannan Bakabe. Ya ba makarantarmu kyautar goran yaƙi." Aka tafa. Na leƙa ina neman idon Kawu, ya bi tagogi yana ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya, da ya zo tawa sai ya duƙa yana gyara takalmi.

Har muka iso Birnin Kebbi ina jin goran na bugun rufin mota a duk ramin da muka faɗa.

Aka ɗora shi a kan kabad a ofishin shugabar makaranta, inda babu murhu babu hayaƙi. Ƙawata, da na gaya mata komai, ta ce in ban faɗa wa Malam ba ita za ta faɗa, da ƙari. Ta ja ni har ƙofar ɗakin malamai, ta tura ni ciki. Na faɗa ina kallon ƙafafuna. Malam bai yi fushi ba. Ya ce zai tambaya. Bayan kwanaki ya kira ni ya ce ya haɗu da Kawu, Kawu ya ce masa gorunan su duk kamarsu ɗaya, yarinya ce ta rikita, tun tana ƙarama haka take da ƙirƙirar labari.

Wannan maganar ta fi ɗaukar goran yi mini ciwo. Mutumin da shi kaɗai ke saurarona, shi ya ce ni ke ƙirƙirar labari.

Da hutu ya zo na je Gulma. Ruwa ya ja sosai, lokacin shafa man kaɗe har ya wuce. Kaka na tankaɗe a madafa ta ce mini, "Ƙawata, wanga mai ɗinki na Argungu ko da allurar sauro yake aiki ai ya ci ya gama." Na zauna a kan turmi na gaya mata duka, har da kibiyar wuta. Ta ajiye rariya. Ta daɗe tana murza babban yatsanta.

"Kibiya," ta ce. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai zuci ba. Ba ta zagi Kawu ba, ba ta kuma ce a je a karɓo ba. Ta ce ba za ta tsaya gaban malamai ta ƙaryata ɗan da ta haifa ba. "Abu ɗaya za ki yi mini. Ki ce musu su rataye shi inda hayaƙi ke taɓa shi."

Kafin in tashi na tambaye ta kakan kakanmu, maharbin da ya faɗi a bakin ƙofa. Ta ɗan yi tunani ta ce ita dai a bakin Kawu ta fara jin sa. Mai yiwuwa ubansa ya gaya masa a cikin jirgi, mai yiwuwa kuma a'a. Ta ce abin da ta sani danginsu masunta ne tun fil azal.

Na kai wa Malam saƙon Kaka. Ya yi dariya ya ce kayan tarihi ba a kai shi kicin. Daga nan na riƙa neman dalilin shiga ofishin shugaba, ko kai alli ko share ƙasa. Kafin ƙarshen zango na fara ganin wani gari mai laushi, kamar na gero, a kan kabad ɗin ƙarƙashin goran. In na share, washegari ya dawo. Sai ƙananan huji suka bayyana a gefen ɗinkin. Muna aji uku wata ɗaliba ta ɗaga shi za ta goge ƙura, yatsunta suka burma ciki. Masinja ya kwashe ɓaraguzan ya zuba a bola.

Na bi bayansa na tsinci ɓangaren da ke da tabon ƙuna, na ƙulle a gefen ɗankwalina, na kai wa Kaka. Ta huda shi da tsinke mai zafi ta zura a igiyar nan, ta mayar cikin hayaƙi.

Kawu ya samu makarantunsa. Shekaru ya yi yana zagayawa da ɗalibai, ana yabon bakinsa. In mun haɗu a gidan suna ko biki nakan durƙusa in gaishe shi yadda ya kamata, ya ce ɗiyata, in ce na'am. Amma ban sake zama a gindin ɗorawa ba. Sau da yawa na wuce ta tsohuwar ƙofar nan ta Argungu bayan na girma, kuma har yau ban san ko akwai wani nawa da ya taɓa faɗuwa a wurin ba.