Ƙulli Bakwai a Aljihun Baba Usman

Baba Usman Mai Tarko ya rasu.

Ina bakin tashar jirgin metro ta Abbasiya da safen nan, littafin fiƙihu a hammata, sai matarsa Inna Hauwa ta kira ni. Wai ya dawo sallar asuba, ya dafe ƙirji, ya zauna a tabarma. Shi ke nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, Bahaushen Sudan ne, maharbi ɗan maharbi, mazaunin unguwar Arba wa Nus. Masu gonakin kaji na hanyar Fayyum shi suke kira in dila ya addabe su.

Na sa sanarwa a group ɗinmu na ɗalibai. Ko minti goma ba a yi ba wani ya rubuto, "Wai tsohon nan mai kama karnuka?" Har da alamar dariya. Ya goge, amma na riga na gani. Malam, da kai nake, kuma yau ba zan sassauta ba.

Ni ma ɗan maharba ne. Shekara uku ina ɓoyewa a garin nan. In aka tambayi sana'ar mahaifina sai in ce noma, in yi maza in canza zance.

Baba Usman ne ya tona ni. A wani suna muka fara haɗuwa, aka ce in ɗaure rago. Ya tsaya ya ƙare wa ƙullin kallo, ya ce, "Ɗana, wannan ba ɗaurin 'yan makaranta ba ne. Wa ke shiga daji a gidanku?"

Na ce babana, murya ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "To me ya sa ka faɗa kamar ka ce ɓarawo ne?"

Ran da na fara bin sa gona Juma'a ce, daga masallaci na wuce, na sha miski kamar ango. Shi kuwa tarkunansa sai ya dafa su da bagaruwa, ya turara su da hayaƙi, don kada dila ya ji warin mutum. Ni da son gwaninta na ɗauki uku na ɗana da hannuna. Kwana biyar dila na zuwa, ya kewaye nawa, ya wuce ya ci kajin mutane. Baba ya ja ni ya nuna mini sawun, daidai inda ya yi kwana. Ya ce, "Ma'alish, ba komai, ya Ustaz. Ai tun daga nesa ka yi masa sallama." Ya je ya ba mai gonar haƙuri, bai ce ni ne ba.

Mai gonar ya ce a zuba guba kawai, khalas, a huta. Baba ya ƙi. Ya ce za ta kashe dila, ta kashe karen makiyayi, ta kashe shahon da ya ci gawar. Ya fara tattara kayansa zai tafi, sai da aka roƙe shi.

Dokarsa ɗaya ce, daga kakansa ya gada: tarko ba ya wuce kwana ɗaya ba a duba shi ba. Dabbar da ta kamu ba ta kwana biyu tana wahala. Shi ya sa yake yawo da wata 'yar igiya a aljihu. Kowane tarko ya ɗana, ƙulli ɗaya. Sai ya ɗage shi zai kwance ƙullin.

Na karanta babin rahama ga dabbobi a aji, na ci jarrabawarsa. A hannun wannan tsohon na ga ana yin sa.

Jiya da la'asar na same shi a ƙofar gida da tsofaffin abokan farautarsa, suna shan shayi suna musun sawun yanyawa. Ya ciro igiyar ya nuna mini. "Bakwai na bari a gona. Gobe za ka raka ni?" Na ce ina da darasi. Ya ce, "Yalla, je ka karatunka. Amma wata rana ka gaya musu ɗan wa kake."

To ga shi na gaya muku. Babana maharbi ne, kakana ma haka, kuma da naman daji aka raine ni har na iso inda kuke gani na.

Ɗazu Inna Hauwa ta miƙo mini igiyar, a aljihun jallabiyarsa ta same ta. Ƙullin bakwai suna nan yadda ya bar su. Tarkunan suna can a ɗane, wataƙila yanzu haka akwai rai a ɗayansu yana fizge-fizge. Abokansa ƙafa ta gaza, kuma ni kaɗai na san inda yake sawa.

Wani ya ce in bari sai an yi addu'ar uku, wai ba girman ɗalibin shari'a ba ne. Na gode da shawara. Ana idar da jana'iza bayan azahar zan hau mota in je gonar in ɗage su, kuma ban shafa turare ba.

Allah ka jiƙan Baba Usman. Kada ka bar shi cikin ƙunci ko na dare ɗaya, shi da bai taɓa barin dila ya kwana biyu a tarko ba. Ka ba Inna Hauwa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, ya yi masa addu'a. Kai ma mai dariya ka yi, shi ba ya riƙo. Ni ne mai riƙon, kuma yau hannuna na riƙe da igiya.