Neman Gwaggo a Dahome Cikin Taɓon Kaka

Ana sallame sallar asuba muka bar Bagudo, mu uku: ni, da kawuna, da wani maƙwabcinmu masunci mai jin Dandanci, yaren mutanen bakin iyaka. Ba a yi mako biyu da ɗaga tutar 'yancin kai ba, amma a gidanmu ba a yi wani shagali ba. Kogin Kwara ya cika ya shanye shinkafarmu ta fadama, ko iri ba mu tsira da shi ba. Ga shi tun zuwan ruwan ba mu ji ɗuriyar gwaggona ba, ƙanwar babana da ke aure a wani ƙauye cikin Dahome. A kasuwa kuma ana ta raɗe-raɗin wai tunda kowace ƙasa ta samu kanta, za a rufe iyaka kafin rani. Baba ba ya iya doguwar tafiya yanzu, sai ya ce mini, "Tashi ka gano min ita da idonka."

Mai fito ya karɓi taro-taro ya ƙetare da mu. Ruwan ya yi jajir, ya shimfiɗe har ba ka sanin inda kogi ya tsaya gona ta fara. Muna sauka muka faɗa taɓo. Ni malamin makaranta ne, na sa sabon takalmina sau-ciki don in burge gwaggo. Taku biyar na yi laka ta zare mini ƙafa ɗaya. Kawu ya lalubo shi da sanda, ya miƙo mini yana cewa, "Malam, rataya shi ga wuya, nan ba aji ba ne."

Da muka hau tudu sai zuciyata ta ɗan sanyaya. Can ruwa bai yi ɓarna ba. An yanke gero an jera dami-dami, dawa ta sunkuyar da kai don nauyi. Wasu mata masu cirar gyaɗa suka cika mana aljihu da dafaffiya, suka ƙi karɓar komai. Gasasshiyar masara biyu kwabo take, fura kuwa a wata ruga muka sha, nonon ya yi kauri har ludayi na tsayuwa. Muka kwana a wani ƙauye kusa da Illo.

Washegari muka shiga daji. Gamba ta fi mutum tsayi, raɓa ta jiƙe mu sharkaf kafin hantsi. Hanyar ƙafa ce siririya tana ratsa kaɗanya da ɗorawa, birai na leƙen mu daga sama. A wani rafi matsattsaku suka manne wa kawu a ƙwauri, ranar na san ya iya rawa.

Ni a zatona iyaka katanga ce. Ashe dutse ne da aka shafa wa farar ƙasa, sai rumfa, sai wani sandarma ɗaya, wato ɗan sandan Dahome, ya naɗe wando yana wanke ƙafa. Ga shi ba mu da wata takarda. Maƙwabcinmu ya gaishe shi da Dandanci, ya amsa da Hausa garau. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi maganar rufe iyaka.

"Da mi zan ruhe ta?" in ji shi. "Ni uwata ma Illo take. Ku wuce, amma ku bi hagu, dama akwai laka har gwiwa."

Mun isa ƙauyen da la'asar, muka tarar rabin ɗakunan sun zube, babu kowa. Na tsaya ina waige-waige. Sai ga wata mata ɗauke da tulu, ta nuna mana tudun da mutane suka koma. Can na iske gwaggo tana yaɓe sabon ɗaki, hannunta duk laka. Tana ganina ta dafe ƙirji.

"Ɗan yayana! Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Gwaggo. Yayanki ya aiko in gano ki."

Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta share ido, ta tashi ta ɗora mana tuwon shinkafa da miyar kifi. Da ta ji abin da ya samu gonarmu, sai ta jawo wata tukunya. Irin shinkafa ne, mai bin ruwa yana tsawo. Ranar da ruwa ya shigo shi ta fara ɗauka, kafin tufafinta. Ta raba biyu. Na ce ta bari, su ma suna bukata. Ta harare ni: "Ubanka ya goya ni. Ɗaure bakin buhun nan."

Dawowa ta fi sauƙi, ƙasa ta fara tsanewa. Mun iske Baba zaune a ƙofar gida. Ko buhun bai kalla ba.

"Ta rame?"

"Ba ta rame ba, Baba. Faɗa ma ta ƙara."

Ya yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin damina.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, maganar kasuwa tana tsorata wanda ke zaune ne kawai. Da muka taka da ƙafarmu, mun tarar da hanya a buɗe, mutane na ta gini a kan tudu. Baba ya ce da rani shi ma zai je, ko a kan jaki ne.