Wake a Gwangwanin Tumatir

Ni kaɗai ne mushen kimiyya, wato malamin kimiyya, a kolejin wani ƙauye na ƙasar Dogarawa. Iyalina na Illela, ni kuwa ina ɗaki guda bayan lakwal, wato makarantar, daga ni sai buta da rediyo. Sauran malamai mutanen kirki ne, ban ce ba, amma da na ɗauko zancen darasina sai su ce, "Kai dai da tsirranka," su koma kan shayinsu.

Da hutu anka kira mu malaman kimiyya horo a Konni. Can anka gwada muna hanya biyu ta koyarwa. Ta farko kowa ya san ta: ka juya baya ka cika allo, yara su kwafe, su haddace. Ta biyu, ka sa wa yaro abu a hannu, ka kama bakinka, shi ya gaya maka abin da ya gani. Munka yi ta gwadawa a junanmu, ƙattai da gemu ana ɗaga hannu kamar ƴan aji ɗaya, ana ta dariya. Mai horon ya ce in mun koma, kowa ya samu abokin aiki ya zauna bayan aji ya duba shi. Na ce a raina, to ni wa zan samu, akuyar mai gadi?

Na dawo da zafina. Ina da aji biyu na ƴan shekarar farko, sai na ce bari in gwada da kaina. Aji guda na cika musu allo. Ɗayan na tara gwangwanayen tumatir daga wurin mai tuwo, munka shuka wake. Wani muna ba shi ruwa, wani mu bar shi da ƙishi, wani mu kifa masa kwano.

Ranar da munka ɗaga kwanon, wata yarinya ɗiyar makiyaya ta ɗaga hannu. Tun da anka buɗe lakwal ban taɓa jin muryarta ba, Faransanci ya ɗaure mata baki. Da Hausa ta ce, "Mushe, wannan rana yake nema. Haka wanda ya tsiro ƙarƙashin rumbunmu yake, dogo, fari, ba ƙarfi."

Ana tashi na nufi gindin itacen bedi inda malamai ke zama, na ba su labari. Ɗaya ya ce, "To madalla," ya miƙo min shayi. Na hau tudu neman rezon waya, na kira wani malami da munka yi horo tare. Waya ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na sauko da abina a ciki, ranar na ji kaɗaici sosai.

Sai ga jarrabawa. Ƴan haddar allo sunka fi, don tambayoyin jimlar littafi suke so, da Faransanci. Yarinyar nan layi biyu ta rubuta, kuma da hannuna na ba ta makin da ya kayar da ita.

Daraktan lakwal ya kira ni buro, ofishinsa. Ya ce iyaye na ƙorafi, sun buɗe littattafan ɗiyansu ba rubutu, wai noma anka koma koya musu, abin da sunka gada. "Mushe," in ji shi, "abin nan na Konni, a bar shi a Konni." Ba mugu ba ne, yana da gaskiyarsa. Da a ce mutum guda ya zauna bayan ajin nan ya ji abin da na ji, da na ja da shi har gaban manyanmu a Tawa. Shaida guda nake so, kuma ba ni da ita. Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Ran Litinin na ɗauki alli na juya baya. Ina cikin rubutu na ji muryarta.

"Mushe, yau ba mu duba komi?"

Ban juyo ba, don na san fuskata za ta tona ni. Na ce, "Ku rubuta."

Ta rubuta kuwa. Har shekara ta ƙare ba ta sake ɗaga hannu ba.